Haɗin da Mai Tsani Ya Ɓoye a Bango

Mai Tsani ake ce masa a unguwar, ko jikokinsa ba su san shi da wani suna ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin tarho, tun zamanin da waya take da igiya, tana zaune a kan tebur a falo an rufa mata ƙyalle, yara ba sa kusantarta. Kullum da safe zai ɗaure tsaninsa a gefen keke, ya rataya jakar fata, ya soke filaya a ƙugu, ya bi layi-layi yana ɗaga kai yana duban turaku. Wuyansa har ya saba. Ko da ya tsufa, in yana tafiya a titi sama yake kallo, shi ya sa matarsa, wadda kowa ke kira Inna, take cewa babu ramin da bai san ƙafarsa ba a unguwar.

Abin da ya fi alfahari da shi a aikin shi ne haɗi. In waya ta tsinke, kowane ma'aikaci na iya murɗa bakin biyu ya naɗe da tef ya sauko. Shi kuwa sai ya fere kowane sili da tsinin wuƙa ba tare da ya ji wa jan ƙarfen ciwo ba, ya murɗa, ya ɗiga dalma, ya jera haɗe-haɗen nesa da juna don kada wurin ya kumbura, sannan ya naɗe. In ya gama, sai ka shafa da yatsa kafin ka gane inda aka haɗa. Yakan ce, "Sai dai turke ya faɗi, ba dai haɗina ya kwance ba."

Sai wayar hannu ta shigo. Cikin 'yan shekaru gidajen da suke roƙonsa ya zo suka koma ɗora tukunyar fure a teburin tarho. Kamfani ya tara tsofaffin ma'aikata a wani zaure, aka yi jawabi, aka ba kowa agogon bango, aka sallame su. Ranar da zai bar wurin ya tarar ana fitar da naɗe-naɗen waya daga sito za a zubar, ruwan toka, siririya, mai sili huɗu, sabuwa fil ko ledarta ba a cire ba. Zuciyarsa ta ƙi. Ya roƙi mai sito ya ba shi naɗi uku, ya ɗoro a keke, ya ajiye a ɗan ɗakin da ke bayan kicin tare da tsanin. Inna ta yanki kaɗan ta yi igiyar shanya da ita, sauran suka zauna suna jiran ranarsu.

Bai zauna haka nan ba. Fanka, dutsen guga, ƙararrawar ƙofa, duk abin da ke da waya a jiki wurinsa ake kawowa, kuma maganar waya in ya faɗa ta zauna, ba mai ƙarawa.

Ɗansa na ƙarshe, Auta, malamin makaranta ne, mai saurin hawa da saurin sauka, wanda hannunsa bai san komai ba sai alli. Matar Auta likitar hoto ce, irin waɗanda ba sa taɓa majiyyaci, sai dai a ɗauki hoton cikin jikin mutum a turo musu su duba su faɗi abin da ke ciki. Duk gidan Likita suke ce mata, har Inna. Da ɗaki biyu ya yi musu kaɗan, aka yanke shawarar a ɗora musu bene a kan gidan, kuma ba a ma tsaya tambayar wanda zai yi aikin waya ba.

Ana jibi za a zuba dekin, Likita ta same shi a tsakar gida yana yanka bututu. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, wata alfarma nake nema. Bututun da za a binne na wayar intanet, da za a sa mai faɗi. Kuma a kwana a sa masa gwiwa mai lanƙwasa a hankali."

"Mai faɗi kamar yaya?"

Ta nuna masa da yatsu biyu.

"'Yata, wannan ai na ruwa ne. Waya za mu zura ko maciji?"

Ta yi murmushi. "Mai kula da kwamfutocinmu na asibiti ne ya ba ni shawara. Hotunan da muke dubawa kullum ƙara nauyi suke yi, na bana sun ninka na shekara biyar da suka wuce. Abin da ya ishe mu yau ba zai ishe mu gobe ba, bango kuwa sau ɗaya ake rufe shi."

Maganar ba ta da aibu, ya sani. Abin da ya soke shi shi ne wai mai kula da kwamfuta.

"Shi wannan mutumin, ya taɓa hawa turke?"

"Ban sani ba, Baba."

"To. Je ki abinki, an gama."

Tana juya baya ya ci gaba da yanka siririn bututun da ya saba da shi. A kwana kuma ya yi yadda yake yi tun yana saurayi: ya gasa wurin a wuta, ya lanƙwasa a kan gwiwarsa. Inna, da ke zaune tana tsintar wake, ta ce, "Malam, yarinya mai faɗi ta ce."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Kai da ka ƙare rayuwarka a kan tsani, me ka hango ban da rufin mutane?"

Ya ci gaba da aikinsa. Aka zuba siminti a kan bututun, ya bushe.

Bayan wata huɗu, an yi filasta, an kafa tagogi, saura fenti, Likita ta sa aka shigo da wani kwali mai nauyi daga shagon Dogo mai kayan lantarki. Ta zaro bakin wayar ta nuna masa: shuɗiya, mai kauri, mai tauri.

"Lamba shida ake ce mata, Baba. Sili takwas ne a ciki. Akwai wadda ba ta kai ta ba, ita ma za ta yi aiki yau, amma wannan ko nan da shekara goma ba za a nemi canza ta ba."

Ɗaki uku za a kai ta, ɗakin aikinta da ɗakin kwana da falo, duka su sauko ƙarƙashin matakala inda akwatin intanet zai zauna. Washegari aka bugo cewa mahaifiyar Likita ba lafiya, ita da Auta suka kama hanya, suka bar masa kwalin da mabuɗin bene.

Ya zura siririn ƙarfen ja, ya ɗaura shuɗiyar waya, ya sauko ya ja. Ta taho kamu huɗu ta tsaya cak. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙi. Ya zaro ya shafa mata sabulu, ta ƙi. Ya shafa mai, ta ƙi. Ya koma bututu na biyu, haka; na uku, haka. Tun ja na farko ya gane abin da ya faru: inda ya gasa ya lanƙwasa, bututun ya tsuke. Amma sai da ya yi kwana uku yana fama, tafin hannunsa ya yi kanta, kamar wayar za ta ji tausayinsa. A rana ta uku, don ya tabbatar bututun bai toshe gaba ɗaya ba, ya ɗauko tsohuwar wayarsa ruwan toka ya gwada. Ta wuce sumul.

Ya zauna a kan bulo a tsakiyar ɗakin da babu kowa, yana kallon bakin wayar a hannunsa. Gyara na nufin a fasa filasta, wataƙila har dekin. Kafin a fasa kuma sai ya tsaya a gaban matar ɗansa ya ce, kin faɗa, ban ji ba. Ya gwada faɗar kalmomin a ransa, suka ƙi fita ko a ran nasa.

Da yamma ya ratsa ta shagon Dogo kamar mai wucewa. Dogo ya shekara ashirin a wannan shago, kuma an san shi da abu ɗaya: in kaya jabu ne zai ce maka jabu ne, ka saya ko ka bari. Ya jawo wa tsohon benci.

"Wai ni Dogo, wannan wayar taku ta zamani, sili takwas ɗin nan duka aiki suke yi, ko ado ne?"

"A yanzu dai, Baba, yawancin gidaje huɗu ke ɗaukar kayan, masu ruwan lemo da masu kore. Sauran sai an zo babban gudu, nan ne sai duka takwas sun tashi."

"Ashe huɗu ne," in ji Mai Tsani, ya yi dariya, ya yi sallama.

Kwana biyu ya yi yana aikin, ƙofar bene a kulle. Ya ja ruwan tokar a duk bututu ukun. Ya yanko shuɗiyar kamu ɗaya-ɗaya, ya haɗa a kowane baki, sama da ƙasa, ruwan lemo da kore a kan silinsa huɗu, sauran ya datse su ya kwantar. Haɗi shida ya yi, kuma a duk shekarunsa na aiki bai taɓa yin masu kyau kamarsu ba. Ya tura kowanne can cikin bututu, ya bar shuɗin baki a waje, ya ɗaura a soket yana bin launukan da aka zana a bayansa. Duk wanda ya kwance soket, shuɗiyar waya zai gani. Kwalin kuwa, da nauyinsa kusan yadda ya zo, ya tura shi bayan tsani ya rufa masa tsohuwar tamfol.

Da suka dawo, Likita ta jona kwamfutarta, abu ya kama nan take. Ta sauko da murna ta yi masa godiya, bayan kwana biyu ta kawo masa sabuwar filaya mai jan hannu. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mata albarka, ya rataye ta a ƙusa. Bai taɓa matsa komai da ita ba.

Shekara biyu abu na tafiya. Tun yana faɗuwar gaba in ya ji ta kira Auta daga ɗakin aiki, har ya daina. Ya shiga gaya wa kansa cewa waya waya ce, jan ƙarfe ba ya tsufa, 'yan zamani ne da son ƙawa. Har ya kai in an yi baƙi yakan nuna soket ɗin falo da sanda ya ce, "Duk aikin hannuna ne."

A shekara ta uku abubuwa biyu suka zo tare. Kamfanin intanet ya ja sabuwar waya mai zaren gilashi a layinsu, mai gudun da ya ninka na da sau goma, sannan Likita ta haifi 'ya mace. Asibiti ya amince ta riƙa duba hotuna daga gida, aka kawo mata kwamfuta mai manyan fuska biyu aka kafa a ɗakin aikinta. Ranar farko ta buɗe hoton ƙirjin wani majiyyaci, ya riƙa saukowa layi-layi kamar ana saƙa shi, ya kai rabi ya tsaya. Ta sake, ya sake tsayawa. Daga asibiti ana ta bugo mata waya, likitan tiyata na jiran amsa.

Aka fara ɗora wa kamfani laifi. Suka zo suka duba nasu suka ce lafiya lau. Aka koma kan kwamfutar, aka mayar da ita asibiti, aka dawo da ita. Mako shida ana wannan kai-komo, kuma a duk makonnin nan Likita sai ta fita tun da sassafe ta tsallaka gari, ta bar jaririyar wata biyu a hannun Inna. Yarinyar ba ta son kwalba. Daga hantsi take fara kuka har muryarta ta dishe, Inna na zagaya tsakar gida da ita a kafaɗa. Mai Tsani na zaune a ƙofar ɗakinsa da rediyo a cinya, ba ya jin ko kalma ɗaya daga abin da ake faɗa a ciki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: da an ambaci bango, ko da maganar ƙadangare ake, sai ya tashi ya shiga ɗaki.

Ranar da aka sauko da kwamfutar aka jona ta kai tsaye a jikin akwatin da ke ƙarƙashin matakala, hoto ya buɗe kafin a ƙifta ido. Yaron kamfanin da ya yi gwajin ya ce, "Matsalar a bango take. Wayar da aka sayar muku ce, jabu ta yi yawa a kasuwa." Aka jefo wata doguwar waya ta taga don a samu na wucin gadi, Auta kuwa ya ɗauki mabuɗin mota, idonsa ja.

"Baba, zo mu je. Kai ka san waya, kada ya raina mana hankali."

Tsohon ya tashi. Ya shiga motar.

Hantsi ne, shagon cike da magina da masu aikin lantarki. Auta bai ko yi sallama ba.

"Kai ne mai gaskiyar da ake faɗa? Ka sayar wa matata jabu, mai jego tana tsallaka gari kullum, jaririya na kuka a gida, saboda kai!"

"Malam, sassauta murya," in ji Dogo. Ya jawo kwali irin wancan, ya yanko waya, ya fere, ya kankare sili ɗaya da wuƙa ya ɗaga kowa ya gani: ja ne har ciki. "Irin wannan na ba ta. Ban taɓa ajiye wata ba." Sai ya juyo wajen tsohon. "Baba, kai ka ja ta da hannunka. Tsakaninka da Allah, ka ga wani aibu a jikinta?"

Kowa ya juyo yana kallon tsohon. Mai Tsani ya ɗaga kai yana kallon kwalayen ƙwan fitila da ke jere a saman kanta.

"Kayan zamani," in ji shi, "wa ya san abin da ke cikinsu."

Wani mai aikin lantarki da ya riga ya ɗauki naɗin waya ya mayar da shi kan kanta a hankali ya fita. Wani ya bi bayansa. Dogo ya ajiye wuƙar. Ya daɗe yana kallon tsohon, yana naɗe guntun wayar a yatsansa.

Washegari da safe Inna ta shiga ɗan ɗakin bayan kicin neman tsohon baho na wankin kayan jaririya. Ta fito ba baho.

"Malam, kwalin nan da ke bayan tsani, duwatsu ka zuba a ciki?"

"Ragowa ce."

"Ragowar da ta fi abin da aka ci? Ni ban san waya ba, amma na san tukunya. In na ɗaga na san ko an ɗiba." Ta rage murya. "Jiya ka je ka tsaya aka ci mutuncin bawan Allah. Ka faɗa musu da bakinka tun kafin bango ya faɗa."

Sau uku ya hau matakalar nan a wannan makon. Na farko ya ce ya zo ganin jikarsa. Na biyu ya ce ƙwan fitilar baranda ne yake ƙyafta ido. Na uku ya kai tsakiya, ya ji muryar Likita tana yi wa yarinyar wasa, ya juyo.

Auta kuwa ya ƙudura sai an zaro wayar ya kai ya jefa a kan kantar Dogo. Ranar Asabar ya kira injiniyan kamfanin, wani mutum mai ƙiba da yawan surutu, aka taru a ɗakin aikin Likita. Injiniya ya jona wata 'yar na'ura mai fitilu takwas. Huɗu suka kama, huɗu suka ƙi. Ya gwada falo, ya gwada ɗakin kwana, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Abin mamaki. Ɗaki uku, kuma huɗu iri ɗaya ne suka mutu a kowanne. Jabu ba ta da wannan tsarin."

Ya kwance soket, ya kama shuɗiyar waya ya ja a hankali. Ta taho kamu guda, sai ga baƙin tef, sai ga siririyar waya ruwan toka ta biyo baya.

"Ikon Allah!" Ya warware tef ɗin, ya matsa kusa da taga, ya gyara tabarau. "Kai, kai, kai. Ku zo ku ga aiki. Dubi yadda ya jera su, ko kumburi babu. Har da dalma! Wannan ba aikin yaran yanzu ba ne. Wanda ya yi wannan gwani ne, wallahi, sai dai mugu ne."

"Wane marar tsoron Allah ne..." Auta ya fara, sai maganar ta maƙale. Yana tsaye ne a bakin taga, kuma a ƙasa, a tsakar gida, ga kayan jaririya na lilo a kan igiyar shanyar Inna, siririya, ruwan toka. Ya kalli igiyar, ya kalli abin da ke hannun injiniya. Bai kalli ubansa ba.

Likita ta gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗarta. "Aikin gini hannu da yawa ne," in ji ta, muryarta a kwance. "Lokacin ba ma nan, magina da masu fenti suna ta shiga da fita. A bar maganar, Injiniya. Faɗa mana yadda za a gyara kawai."

Mai Tsani na tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango. Ya gane ta sani. Ta sani, kuma tana ƙoƙarin rufa masa asiri da sunan mutanen da ba sa nan, kamar yadda shi ya rufa wa kansa da sunan Dogo. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ni ne," in ji shi. Ya ɗaga murya ya maimaita. "Ni ne, 'yata. Bututun da kika ce a sa mai faɗi, ban sa ba. Wayarki ta ƙi wucewa. Tana nan ƙasa a bayan tsani, ba abin da ya same ta."

Injiniya ya sunkuya ya shiga neman wani abu a jakarsa wanda bai samu ba har aka watse. Auta ya fita baranda. Likita ta ci gaba da shafa bayan yarinyar, sannan ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai mamaki:

"Baba, da ka faɗa mini, ai da mun bi da ita ta waje. Aikin yini ɗaya ne."

Ya so ƙasa ta tsage. Shekara biyu da wata bakwai yana ɗauke da abin nan, ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa akwai hanyar da ba sai an fasa komai ba. Bai kawo ba domin bai tambaya ba.

Ranar Litinin da hantsi, daidai lokacin da shago ke cika, ya tafi wurin Dogo da ƙafa. Ya tsaya a tsakiyar mutane ya cire hularsa, abin da ba a taɓa ganin ya yi a waje ba, ya ce wayar da Dogo ya sayar musu lafiyarta ƙalau, shi ne ya canza ta a bango, kuma shi ne ya yi ƙarya a nan wurin. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya yi tari.

"Na sani tun ranar, Baba," in ji Dogo. "Kuna fita na tuna tambayar da ka taɓa yi mini, ta sili huɗu. Ko da na tuna kuna nan, ba zan ƙaryata sa'an ubana a gaban jama'a ba." Ya ci gaba da jera kaya a kanta. "Na yafe. Allah ya yafe mana. Sai dai waɗanda suka ji zagin ba su ne suke nan yau ba."

Bai jawo masa benci ba. Mai Tsani ya mayar da hularsa ya fito.

Likita ta ƙi a fasa bango, saboda yarinya da ƙarar guduma. Aka sayo farar roba mai murfi, irin wadda ake kwantar da waya a cikinta a jikin bango, aka bi da ita gefen matakala har sama. Mai Tsani da kansa ya roƙa a bar masa aikin. Auta ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta kalle shi, ya rufe. Kwana biyu tsohon yana kan tsani, yana awo yana kafa ƙusa, layin ya miƙe kamar an ja da zare. Ya kai wa kowane ɗaki waya biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta ajiya, yadda ta ce. Wajen ɗaura soket ta tsaya a kansa da takarda tana karanta masa launuka, yana cewa "to" bayan kowanne. Injiniya ya dawo da na'urarsa, fitilu takwas suka kama, ya tattara kayansa ya tafi ba tare da surutun da ya saba ba.

Farar robar tana nan har yau, duk mai hawa benen sai ya gan ta. Baƙi kan tambaya me ya sa sabon gini da waya a waje, Inna ta ce ado ne, shi kuwa ya tashi ya ba su wuri. Auta ya yi watanni yana gaishe shi gaisuwar maƙwabci, cikakkiya, ba ragi ba ƙari, kafin a hankali ya koma zama kusa da shi da yamma. Likita ba ta sake ta da maganar ba ko sau ɗaya. Maƙwabta suna kawo fanka da dutsen guga har yanzu, yana gyarawa, amma in aka tambaye shi shawarar wayar sabon gini sai ya ce idonsa ya yi rauni.

Yanzu shekararsa saba'in da huɗu, gwiwar hagu ta fara ba shi wahala. Da safe, in Likita ta rufe ɗakin aikinta, yakan fitar da kujera bakin ƙofar gida ya zauna, in mai talla ko mai babur ya cika ƙara sai ya ɗaga masa hannu ya nuna sama, alamar ana aiki. Ba wanda ya sa shi. In ƙwan fitila ya mutu a gidan kuwa, sai ya ɗauki sanda ya nufi wani shago can bayan tasha, tafiyar da ta ninka ta shagon Dogo sau uku.

"Mutumin nan fa ya ce ya yafe," Inna ta ce masa rannan, tana kallonsa yana neman takalmi. "Jiya ma ya tambaye ni lafiyarka."

"Me kika ce masa?"

"Na ce kana nan, kana ba gwiwarka horo."

Ya sa takalmin, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban hanyar dama, wadda ta bi ta gaban shagon. Ya daɗe a tsaye.

"Wata rana," in ji shi, ya bi ta hagu.